Makullin Rijiyar Baffa

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu isa. Ya cika ranar Alhamis da hantsi a ɗakinsa, nan gidanmu na Kusfa, Gwaggo ƙanwarsa tana riƙe da hannunsa, hannun nan na dama mai tabon ƙuna. Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan ubana ya rasu, kuma gidansa na dawo da mijina ya rasu. Sana'arsa haƙar rijiya da yasarta.

Kafin rana ta take zaure ya cika, har an fara shimfiɗa tabarmi a lungu. Ina cikin gida, amma katangarmu ba ta ɓoye magana. Wani tsoho daga Limancin Kona yana ta maimaita cewa Baffa ne ya haƙa musu rijiya shekarar da ya yi aure, kuma har yau ba ta taɓa ƙafewa ba. Wata mata ta shigo tana kuka, ta ce akuyarta ta taɓa faɗawa rijiya, ya shiga ya fito da ita da rai, ko goro ya ƙi karɓa. Wani kuma, na san muryarsa amma ba zan faɗa ba, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah ya jiƙansa dai. Amma mutum ya tona wa ɗan cikinsa asiri a gaban jama'a, ai da nauyi." Aka ce masa ya yi shiru. Ya yi, amma na riga na ji.

Saboda maganar nan nake wannan rubutu. Ni ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haura arba'in na fara riƙe biro a ajin manya. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Ba zan bari a tuna Baffa da bakin masu raɗa ba.

A tsakar gida kuwa rigima ce ta tashi, ga gawa kwance ba a yi mata wanka ba. Gwaggo ta ce Baffa ya bar wasiyya, da ruwan rijiyar gidan nan za a wanke shi, wadda ya haƙa da hannunsa. Rijiyar kuwa ta fi shekara a rufe da murfin ƙarfe da kwaɗo, saboda fetur ya shiga ruwanta. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Sai ga Yaya, babban ɗan Baffa, wanda rabonsa da gidan nan tun ranar da suka yi faɗa da ubansa. Ya shigo idanu jajir, ya ɗauki guga.

"Ba ni makulli."

"Ba zan bayar ba."

"Ubana ne fa."

"Na sani. Shi ya ba ni makullin."

Na je na zauna daram a kan murfin. Bari in bar mu a nan tukuna, ni a zaune shi a tsaye da guga, in gaya muku wane ne Baffa. In ba haka ba za ku ce ni muguwa ce, yadda matan gidan suka ce a ranar.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kasko. In an kira shi haƙar rijiya ba ya fara sara sai ya zaga gidan, ya dintsi ƙasa ya murza, ya ɗora a harshe. Ya san zurfin kowace rijiya a unguwarmu, wannan gaba tara ce, waccan gaba goma sha ɗaya, ta gidan wane marmara ce a ƙasanta shi ya sa ruwanta ke da sanyi. Yakan ce rijiyoyin birnin nan 'yan uwa ne, a ƙarƙashin ƙasa suke gaisawa, in ɗaya ta yi ciwo sai sauran sun ji. Muna ɗaukar maganar hirar tsofaffi.

Yana da faɗa. Ka ajiye guga a ƙasa ka ga tashin hankali, sai ya bi ka har ɗaki yana tambaya ko a gidanku da ƙasa ake miya. Amma ƙofar zaurenmu ba a rufe ta da rana, duk matar da ta ga dama ta shigo ta ja ruwa, ba sai ta tambayi kowa ba. Bai iya ba da haƙuri da baki ba. In ya ɓata maka rai sai ya fita, ya dawo da sandar rake ya jingine a ƙofar ɗakinka ya wuce. Shi ke nan an shirya. Ni Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ranar da na ce zan shiga ajin manya, Yaya ya yi dariya har da buga cinya, wai da furfura za a koyi a da ba. Baffa ya ce, "Gidan nan kowa ya iya surutu, amma in an kawo takardar asibiti sai an fita neman mai karantawa. Uwata, je ki."

Warin a hankali ya zo. Rijiyar bayan gidanmu ce ta fara, sai tamu, sai ta maƙwabtan gabas. Koko ya fara warin gareji. In ka ɗebo ruwa ka ajiye, sai ka ga wani maiƙo a samansa mai launin bakan gizo. Yara suka fara ciwon ciki da ƙaiƙayi. Baffa ya yi abin da ya sani, ya sa aka kwashe ruwan rijiyarmu tas har sau uku. Kowane karo sai ta kawo sabon ruwa da warin da ya fi na da. Sai ya ce zai sauka da kansa ya ga idon ruwan.

To masu rijiya suna da al'ada. Kafin mutum ya sauka, sai ya kunna fitila ya ɗaura mata igiya ya zura. In ta kai ƙasa tana ci, akwai iskar shaƙa, sai ya bi ta. In ta mutu a hanya, to ramin zai kashe mutum, sai a jira. Da wannan al'ada Baffa ya shekara hamsin yana shiga rami yana fitowa, bai taɓa rasa ko ɗaya daga cikin abokan aikinsa ba.

Da safe ne, ina wanke-wanke, na ga ya fito da fitilar ƙwai yana goge mata gilashi. Na ce, "Baffa, warin nan fa na fetur ne."

Ya ce, "Uwata, ba na shiga rami ban tambaye shi ba."

Na yi shiru. Har yau ina cizon yatsa a kan shirun nan, ni da ba a san ni da shiru ba. Ya kunna, ya leƙa, ya fara sakin igiya. Ba ta kai gaba huɗu ba muka ji wani dum, kamar an buga ƙyauren babban zaure. Wuta ta yi tsalle ta fito daga bakin rijiyar, ta lashe masa gemu gefe guda, ta kama hannun rigarsa. Ya faɗi ta baya. Kaji suka watse, Gwaggo tana salati, ni na yaye zanen shanya na danne hannun. Sai a asibiti, ana sa masa magani, ya juyo ya ce mini, "Fitila ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Yau ma ba ta yi ba. Ni ne na kai mata tambayar da ba tata ba."

Da ya warke bai ƙara taɓa dagin haƙarsa ba. Ya ce iliminsa ya ƙare a bakin rijiyar nan, sai a nemo masu wani. Shi da mai unguwa suka fara yawon ofisoshi, ni a bayansu, don ni ke karanta allon ƙofa in cika takarda. Nan a ce shugaba ya fita, can a ce ba aikinsu ba ne. Baffa ba ya gardama, sai dai ya naɗe hannun riga ya ɗora tabon a kan teburi ya yi shiru. Mun yi watanni a haka kafin Allah ya haɗa mu da wasu masu binciken ruwa daga jami'a, da wata ƙungiya da ta ɗauki nauyin aikin. Shugabar masu binciken mace ce, sa'ar 'yata ta fari, da hijabi da takalmin ƙarfe. Injiniya muke ce mata.

Ta ɗebi ruwan rijiyoyi a kwalabe ta tafi, ta dawo ta durƙusa a gaban Baffa a zaure. Ta ce, "Baba, man ba a cikin rijiya yake ba, a cikin ƙasa yake. Ya jiƙa ta yadda mai ke jiƙa tsumma. Ko shekara za ka yi kana yasa, sabon ruwan ta cikin tsumman zai biyo."

Ya ce, "Wannan hannuna ya gaya mini. Magani nake tambaya."

Ta ce za su huda ƙasa wuri-wuri, ramukan da ba su fi kaurin taɓarya ba, su zura bututu har ya wuce inda ruwa yake kwance. Akwai injin da ke jan iskar nan da muke shaƙa, ya ratsa ta da wutar lantarki, sai ta koma wata iska mai kaifi da ake kira ozon. Ita za a riƙa hurawa ƙasa, ta taso ƙananan kumfa ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, duk inda ta tarar da fetur ta farfasa shi har ya daina cutarwa. Abin da ya rage kuma, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su samu numfashi su cinye. Ta ce iskar ba ta daɗewa take mutuwa, don haka sai an yi ta hurawa, watanni, wataƙila fiye da shekara.

Baffa ya daɗe yana shafa ragowar gemunsa. Ya ce, "Wato iska za ki aika ta yi yasa inda mutum ba ya iya shiga."

"Haka ne, Baba."

"Ashe ke ma 'yar sana'a ce."

Amma ta kafa sharaɗi biyu. Na farko, a rufe rijiyoyin da abin ya shafa a sa kwaɗo, domin in ana hura iska a ƙasa tururin man yakan nemi kafar fita, kuma rijiya ce kafa mafi sauƙi. Ba wuta kusa, ba shiga, ba sha. Na biyu, sai an gano inda man ke fitowa, in ba haka ba ana wankewa ne ana ƙara zubawa.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. Injiniya ta tambaya ko akwai wanda ya san wurin da aka taɓa ajiye mai a ƙasa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda bai san cewa Yaya yana sayar da fetur a galan ba, kuma da yawa sun san shekarun baya, lokacin wata wahalar mai, ya sayo tsohon tanki ya binne a kangon da ke bayan gidanmu. Amma ɗan Baffa ne, wa zai faɗa? Ni ma na sani. Ni ma ban faɗa ba.

Baffa ne kaɗai bai sani ba, don an ɓoye masa. Ya tashi da sandarsa ya fara zane a ƙasa. Ga rijiyar da ta fara wari, ga ta biyu, ga ta uku. Ya ce ruwan ƙasan nan daga tudu yake gangarowa wajen kududdufi, saboda haka mai cutar yana sama da wadda ta fara. Ya ja sandar baya, baya, yana lissafa gidaje, har ta tsaya a kan kangon. Ya ɗaga kai ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kawar da ido. A nan ya gane. Ya dubi Yaya.

"Me ke cikin kangon nan?"

"Baba, mu shiga gida mu yi magana."

"A nan na tambaye ka."

"A gaban mutane, Baba?"

"Ruwan a gaban mutane ya ɓaci."

Yaya ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, amma kowa na ji. Ya ce da man nan yake ciyar da gidan, a rufa masa asiri zai tone tankin da kansa a ɓoye. Baffa ya ce, "Ka ciyar da mu, ka hana mu sha. Wata nawa kana jin yara suna kukan ciki? Ka ga gemuna ya ci wuta, ka zo asibiti ka yi mini sannu, ka koma ka yi shiru." Ya juya wajen Injiniya ya nuna da sanda. "'Yata, can za ki tona."

Yaya ya ce, "Ba za ka ƙara ganin ƙafata a gidanka ba."

Baffa ya ce, "Ƙafarka taka ce."

Da aka tono tankin, gindinsa ya ci tsatsa ya zama rariya. Aka kwashe baƙar ƙasar da ke kewaye da shi a mota. Hukuma ta rufe wa Yaya sana'a, ya kwashe iyalinsa ya bar cikin birni. Washegari Baffa ya fita ya dawo da sandar rake, ya tsaya a ƙofar ɗakin da Yaya ya bari, ya ga kwaɗo. Ya jingine ta a nan. Ba wanda ya taɓa ta, har ta bushe.

Aka huda ƙasa aka kafa inji a wata 'yar rumfar kwano a bakin kangon. Nan surutu ya tashi. Wasu suka ce iskar za ta rusa katangun ƙasa, wasu suka ce rijiyoyin za su ƙafe gaba ɗaya. Wani ya zo ya yanke tiyo guda. Daga ranar Baffa ya ɗauki buzunsa ya koma bakin rumfar, daga hantsi zuwa magariba. Ya koyi muryar injin kamar ta jikansa. Sai ka ji ya ce, "Yanzu ta koma bututu na uku." Ya ce warin ozon irin na hadari ne in an yi tsawa ruwa bai sauko ba. In ya ji warin ya yi ƙarfi ya san wani wuri na yoyo, sai ya kashe injin yadda Injiniya ta nuna masa, ya ja da baya, ya aiko in buga mata waya, don ta ce shaƙarsa da yawa tana taɓa ƙirji. In an ɗauke wuta kuwa, ranar kowa ya kiyayi bakin Baffa.

Mu mata mu muka sha wahalar. Gidan da aka saba shigowa a ja ruwa kyauta ya koma jiran 'yan garuwa. Da rani wani maƙwabci ya fasa kwaɗon rijiyarsa, wai wanki kawai za a yi, ga murhu yana ci taku biyar daga bakinta. Baffa ya shiga gidan ba tare da dogon zance ba, ya kashe wutar da ƙasa, ya naɗe hannun riga ya miƙa wa mutumin tabon dab da hancinsa. Aka mayar da kwaɗo.

Makullin tamu rijiyar Baffa Injiniya ta ba wa. A gabanta ya miƙo mini. Ya ce, "Uwata, ke ke karanta takardar gwaji. Ranar da ta ce a buɗe, ki buɗe. Kafin nan ko ni na roƙe ki kada ki ba ni. Na san halina." Ya kuwa san halinsa. Sau biyu yana zuwa yana lallashi, wai leƙawa kawai zai yi, ya yi kewar sanyinta. Na hana. Ya ce taurin kaina ya fi na mai sunan, ya tafi yana ƙunƙuni. Da yamma na tarar da rake a ƙofar ɗakina.

Duk bayan 'yan watanni a kashe injin kwana biyu uku, a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji, takarda ta zo in karanta masa. Kullum man yana raguwa, kullum kuma ƙarshenta a ce da saura. Da ciwo ya kwantar da shi, gaisuwarsa ta safe ta koma, "Takarda ta zo?" Ranar Talata Injiniya ta kashe inji ta ɗebi ruwa, ta ce sakamako sai bayan kwana goma. Ranar Laraba ya gaya wa Gwaggo yana son ruwan rijiyarsa ya zama na ƙarshe da zai taɓa jikinsa. Ni bai gaya mini ba. Ya san amsar da zan ba shi. Ranar Alhamis ya tafi.

To ga ni a kan murfi, ga Yaya da guga. Gwaggo ta taso tana nuna ni da carbi. "Ke wace irin zuciya gare ki? Mutumin da ya goye ki ya roƙi ruwa, kin hana shi?"

Na ce, "Gwaggo, ba ni na hana shi ba, shi ya hana kansa. A gaban shaida ya ce ko shi ya roƙa kada in bayar."

"Da rai ya faɗi wannan. Yanzu fa?"

Mata suka fara, wai boko ne ya busar mini da ido, wai takarda ta fi mini Baffa. Daga waje aka aiko, an gama kabari, rana tana yi, me ake jira? Yaya kuwa yana nan tsaye da gugansa. Na san abin da yake nema. Bai samu ya nemi gafara ba, yana so ya samu ko wanka ne ya yi masa yadda ya roƙa.

Sai Liman ya yi sallama ya shigo, mata suka gyara lulluɓi. Abokin Baffa ne tun suna yara. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Ruwa in launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza da abin da ba nasa ba, ba a tsarki da shi, ko wasiyya ce. In kuwa ya koma yadda Allah ya yi shi, ba mai hana mamaci abin da ya roƙa. A ɗebo guga ɗaya mu gani."

Na buga wa Injiniya waya, ta fashe da kuka da ta ji rasuwar. Ta ce tun da injin ya kwana biyu a kashe ana iya buɗewa a ɗebi guga ɗaya, in dai babu wuta kusa. "Amma Mama, ba zan ce miki ruwan ya yi ba. Ban ga sakamako ba."

Na miƙe na ce a kashe kowace wuta a gidan nan. Murhun da aka ɗora ruwan zafi, kaskon turaren da ke ƙofar ɗakin gawa, duka. Wata ta ce turaren mamaci ne. Na ce mamacin ya san abin da wuta ta yi masa a nan. Sai da na zaga na taɓa toka da hannuna, sannan na kwance bakin zane. Na saɓa wa Baffa a nan, ban ɓoye ba. Takarda ba ta ce a buɗe ba, na buɗe.

Sanyi ya bugo fuskata. Yaya ya zura guga, muka ji ya taɓa ruwa, ya jawo. Aka juye a farin kwano. Garau, ba maiƙo, ana ganin gindin kwanon. Liman ya sunkuya ya shinshina ya ce, "Ni dai ban ji komai ba." Tsoho ne, kuma yana son abokinsa. Gwaggo ta shinshina ta ce, "Alhamdu lillahi, kamar na da." Mata suka amsa. Aka miƙo mini. Wallahi na shinshina har sau uku, amma hancina ya toshe da kuka, ban iya cewa akwai ko babu ba. Ba ni da hujja. Liman ya ce to bismillah, a cika baho.

Sai Yaya ya ce, "A dakata."

Ya ɗauki moɗa ya kamfata, ya kurɓa, bai haɗiye ba. Ya rufe ido yana juya ruwan a baki. Gidan ya yi tsit, har kukan tantabarun maƙwabta ana ji. Ya juya gefe ya furzar.

"Akwai saura."

Gwaggo ta ce, "Kai, rufe mana baki!"

Ya ce, "Gwaggo, shekara ashirin ina zuƙo shi da tiyo a bakin nan. Kaɗan ne, can ƙarshen harshe, amma akwai. Ba za a wanke ubana da man da na zuba ba."

Ya zauna a ƙasa, mutum mai shekara hamsin, ya kifa kai a gwiwa. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Liman ya aika aka kira mai garuwa. Ni na mayar da murfi na datse kwaɗo. Da ruwan saye aka wanke mutumin da ya shayar da rabin unguwa. Yaya yana cikin masu wankan. Daga baya ya gaya mini shi ya wanke hannun daman, kuma a ranar ne ya fara ganin tabon da kyau.

Da takardar ta zo bayan kwana goma, abin da harshen Yaya ya faɗa shi ta faɗa. Aka sake tayar da inji. Washegari da hantsi na fita zubar da shara, na hango mutum a bakin rumfar a kan buzun Baffa. Yaya ne. Na koma gida na aika aka sayo rake, na je na jingine a jikin rumfar na wuce. Haka ya zauna damina guda, yana sauraron bututu yana shinshina iska, har ya fi ubansa masifa in an ɗauke wuta.

Bayan an yi girbi takarda ta zo. Injiniya ta ce sau biyu suka gwada don su tabbata. Ta so ta karanta, na ce a'a, wannan tawa ce. A zaure na tsaya, gaban mai unguwa da Liman da mazan unguwa, har da mai raɗar nan a cikinsu, na karanta da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan dogayen kalmomi ina tashi. Takarda ta ce a buɗe.

Na buɗe. Yaya ya jawo guga, ya kamfata da moɗa, ya kurɓa ya rufe ido. Gwaggo ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ya daɗe yana juya shi a baki, ya daɗe ƙwarai.

Ya haɗiye.

Guga na biyu a jarka ya juye. Ya saɓa a kafaɗa, ya ƙi hawa babur, ya taka da ƙafa har maƙabarta ya yayyafa a kan kabarin. Ni na cire kwaɗon na rataye shi a ƙusar da Baffa yake rataye fitilarsa a da, na je na buɗe ƙofar zaure na sa mata dutse.

Wanda ya ce Baffa ya tona wa ɗansa asiri, ga amsata. Ya zo gidanmu ya ja ruwa ya sha, ba sai ya tambayi kowa ba. Guga dai kada ya ajiye shi a ƙasa.

Ya Allah, bawanka ya shiga ramuka masu duhu don bayinka su sha. Ka haskaka masa wannan na ƙarshe, ka yalwata shi, ka sanyaya shi, ka shayar da shi ruwan da babu saura a cikinsa. Amin.